Narkisos da Eko: laifin a bakin ruwa ya faru, ko tun kafin nan?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda wannan makon na tatsuniyoyin Girkawa ne, ina so mu tsaya a kan labarin Narkisos, domin yawancin masu ba da shi suna yanke masa kai ne su riƙe jela. Abin da ke yawo a bakin mutane shi ne wani kyakkyawan saurayi ya leƙa ruwa, ya ga fuskarsa, ya kamu da son kansa, ya mutu. Sai a ce darasin shi ne kada mutum ya cika kallon madubi. Ni kuwa a ganina yaron nan ya gama aikata laifinsa tun kafin ya kai bakin ruwan. Kallon ruwan shi ne hukuncin da aka yanke masa.

Riwayar da ta fi cika ita ce ta Obid, mawaƙin Rum, a cikin Metamorphoses, wato waƙar rikiɗe-rikiɗe, wadda ya rubuta da Latinanci ya kammala wajen shekara ta 8 miladiyya. Littafi 15 ne, baiti kusan 12,000, labarinmu kuma yana littafi na 3, daga baiti na 339 zuwa 510. Ga jerin yadda ya tafi.

Uwarsa Liriyofi, ɗaya daga aljanun ruwa a camfin Girkawa, ta tambayi makahon boka Tiresiyas ko ɗanta zai kai tsufa. Ya ce zai kai, muddin bai san kansa ba. Da ya cika shekara 16, samari da 'yan mata duk suka yi ta sha'awarsa, amma Obid ya ce akwai wani busasshen girman kai a cikin wannan lallausan jiki, babu wanda ya isa ya kusance shi. Sai Eko, wata aljanar duwatsu, ta hango shi yana kora barewa cikin raga. Ita kuwa Hera, matar Zeyus babban abin bautarsu, ce ta ɗaure mata harshe, saboda Eko tana tsare Hera da surutu har matan da Zeyus ke shashanci da su su samu su tsere. Daga ranar ba ta iya fara magana, sai dai ta maimaita ƙarshen abin da wani ya faɗa. Ta bi shi a ɓoye, zuciyarta na kamawa kamar farar wuta da aka shafa a kan itacen yula. Da ya ɓace wa abokan farautarsa ya yi kira, ta amsa, har ta fito da hannuwa a buɗe za ta rungume shi. Ya guje mata, ya ce gara ya mutu da ya ba ta kansa. Kunya ta sa ta shige kogo, ta rame, fata ta bushe, ƙasusuwa suka zama dutse, murya kaɗai ta saura.

Bayan nan ne wani daga waɗanda ya wulaƙanta ya ɗaga hannu sama ya ce: shi ma ya so, kuma kada ya samu abin da yake so. Nemesis, wadda suke ɗauka mai rama wa wanda aka raina, ta amince. Sai a baiti na 407 aka kawo maganar ruwa. Kun ga an cinye baiti wajen 70 kafin madubin ya shigo.

Malama Rakiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Jerin daidai ne, amma hukuncin da ka ciro daga ciki ban yarda da shi ɗungurungum ba. Yaro ne ɗan shekara 16, yana daji shi kaɗai, wata da bai taɓa gani ba ta fito daga cikin itatuwa ta nufi wuyansa. Ya ce ta cire hannunta. Ina laifin a nan? So gamon jini ne, ba bashi ba ne da za a ce dole sai an biya.

Kuma a lura da yadda irin waɗannan labaran suke aiki a cikin littafin da kansa. A littafi na 14 akwai Ifis da Anaksarete, a tsibirin Kuburus. Ifis talaka ne, ita 'yar babban gida. Ya bi ta wajen mai renonta, ya aika wasiƙu, ya rataya furanni a ƙofarta, ya kwana a dokin ƙofar. Ta ƙi. Ya rataye kansa a wannan ƙofar. Da aka zo wucewa da makararsa ta leƙo ta taga, sai ta daskare ta zama dutse. To wa ke ba da wannan labari? Bertumnus ne, ɗaya daga abubuwan bautar Rumawa, wanda ya yi shigar tsohuwa ya shiga lambun Fomona, yarinyar da yake nema ta ƙi kula shi. Yana ba ta labarin ne don ya tsorata ta: ki duba abin da ya samu wadda ta ƙi masoyinta. Obid bai ɓoye wannan ba, har ya ce da labarin ya kasa aiki sai mutumin ya cire shigar tsohuwa yana shirin amfani da ƙarfi, aka yi sa'a ta gan shi a kamanninsa ta amince. Wato mai waƙar ya san sarai cewa tatsuniyar "wadda ta ƙi ta zama dutse" makami ce a hannun mai naci. Shi ya sa nake jin tsoron a karantar da labarin Narkisos a matsayin gargaɗi ga duk wanda ya ce a'a.

Malam Habibu:
Malama, kin kawo hujja mai ƙarfi, kuma maganar Bertumnus gaskiya ce. Sai dai ki koma ga kalmomin. Game da Anaksarete Obid ya ce ta raina shi, ta yi masa dariya, ta ɗora baƙar magana a kan mugun aiki, har ta hana shi ko da fata. Game da Narkisos kuma, bayan Eko, ya yi amfani da kalmar luserat, wato ya yi wasa da ita, ya yi wasa da sauran aljanun ruwa da na duwatsu, haka ma samari. Hali ne da ya saba, Eko ɗaya ce daga cikin jeri. Ƙi daban, wulaƙanci daban.

Malam Ilyasu:
Bari in shiga tsakaninku da wani bambanci da malamanmu suka daɗe da tsefewa, domin Hausa tana tara abubuwa da yawa a ƙarƙashin "son kai" da "ji da kai". Mu dai muna karanta waɗannan labaran a matsayin adabin mutanen da suka bauta wa gumaka, amma cutar zuciyar da suke siffantawa sananniya ce a wajenmu.

Imam Gazali a Ihya'u ya ware littafi guda a kan zargin kibru da ujubu. Ya ce kibru ba ya tabbata sai da wani mutum na biyu da za ka ga ka fi shi. Ujubu kuwa ba ya buƙatar kowa: da an halicci mutum shi kaɗai a duniya zai iya yin ujubu, amma ba zai iya yin kibru ba. Ku ɗora wannan a kan labarin. Kashi na farko, inda Narkisos ke cikin jama'a yana ture masu son sa, kibru ne. Kashi na biyu, inda yake kwance shi kaɗai a bakin ruwa, shi ne ya yi kama da ujubu. An cire masa mutanen da yake rainawa, aka bar shi da abin da yake taƙama da shi.

Hadisin Ibn Mas'ud a Sahihu Muslim ya ƙara fayyace abin. Da aka ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai ba zai shiga Aljanna ba, wani ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Aka amsa masa cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka kyan yaron da sanin cewa yana da kyau ba su ne matsalar ba.

Girkawan ma suna da kalma ta kusa, hubris. Yanzu ana fassara ta da alfahari kawai, amma Aristo a littafinsa na balaga ya ce ita ce ka yi ko ka faɗi abin da zai kunyata wani, ba don wata riba ko ramuwa ba, sai don daɗin jin ka fi shi. A Atina laifi ne da ake kai ƙara kotu a kansa. A wannan ma'auni, Malama Rakiya tana da gaskiya cewa ƙi ba laifi ba ne, Malam Habibu kuma yana da gaskiya idan har akwai kunyatarwa da gangan.

Malama Rakiya:
Na karɓi bambancin, Malam Ilyasu. Amma akwai gyara ɗaya a kan ujubun. Daga baiti na 415 har zuwa 462 yaron bai san cewa shi ne a ruwan ba. Yana zaton wani ne. Yana ce masa: in na miƙa hannu kana miƙawa, in na yi murmushi kana yi, na ga hawayenka lokacin da nake kuka, leɓenka na motsi amma ba na jin abin da kake cewa. Wannan kukan wanda aka ƙi ne, irin kukan Eko sak. Sai a baiti na 463 ya ce iste ego sum, wato ashe ni ne. Kuma sanin bai kawo masa jin daɗi ba. Ya ce yalwa ta talauta ni, ya yi fatan da zai iya rabuwa da jikinsa, ya ce baƙon buri ne ga masoyi ya so abin da yake so ya yi nisa da shi. Mai ujubu yana jin daɗin kansa ne. Wannan kuwa kansa ya zama masa kurkuku.

Nasiru Ɗan Tarihi:
Ranku ya daɗe malamai, duk muhawarar nan a kan Obid take tafiya, alhali shi Barume ne. Riwayoyin da aka rubuta da Girkanci ba haka suke ba, kuma babu Eko a cikinsu. Haɗa ta da Narkisos a rubuce, a wajen Obid aka fara ganin sa.

Konon, wanda ya yi zamani da Agustus sarkin Rum, ya tara labarai 50. Littafin ya ɓace, abin da ya rage taƙaitawar da Fotiyos, babban limamin cocin Kustantiniya, ya yi a ƙarni na 9. A labari na 24, Narkisos ɗan garin Tesfiyai ne a yankin Boyotiya. Masu neman sa duk suka gaji suka bari, sai wani saurayi Aminiyas da ya nace, irin nacin da al'adarsu ta wancan lokaci ta sani tsakanin maza. Narkisos ya aika masa da takobi. Aminiyas ya kashe kansa da shi a ƙofar gidan, yana roƙon a rama masa. Da Narkisos ya ga surarsa a ruwa ya rasa mafita, sai ya yanke cewa abin da ya same shi daidai ne saboda yadda ya yi wa Aminiyas, ya kashe kansa, furen ya tsiro daga jininsa. Wannan riwayar tana bayan Malam Habibu ƙwarai: aika wa mai son ka takobi ya wuce a kira shi ƙi.

Fausaniyas kuma, matafiyin da ya zaga Girka a ƙarni na 2 miladiyya ya rubuta abin da ya gani, ya ambaci idon ruwan Narkisos a wani wuri mai suna Donakon, a ƙasar Tesfiyai. A littafinsa na 9, babi na 31, ya ce tsantsar wauta ce a ce wanda ya kai munzalin soyayya ya kasa bambance mutum da inuwar mutum. Sai ya kawo wata riwayar da ya ce ba ta yi suna ba: Narkisos yana da 'yar uwa tagwaiyarsa, kamarsu ɗaya, gashinsu ɗaya, tufafinsu iri ɗaya, tare suke farauta, kuma ya ƙaunace ta. Ta mutu. Ya riƙa zuwa bakin ruwan yana sane cewa fuskarsa yake gani, amma yana samun sauƙi da raya wa kansa cewa ita ce. A nan babu girman kai ko kaɗan, makoki ne.

Shi Fausaniyas ɗin ya kuma ambaci wani bagadi a Atina na Anteros, wanda suke ɗauka mai rama wa soyayyar da aka raina. Labarin da ke bayansa shi ne wani ɗan gari, Meles, ya ce wa baƙo Timagoras da ke son sa ya hau dutse ya faɗo. Ya faɗo ya mutu. Nadama ta sa Meles ya bi shi ta wannan dutsen. Baƙin da ke zaune a Atina ne suka kafa bagaden. Ku lura, a duk inda ramuwa ta zo, wanda aka so ɗin ya yi amfani da son da ake masa ne ya halaka mai son.

Injiniya Aminu:
Akwai abubuwa biyu na zahiri da Obid ya lura da su daidai, kuma suna taimakawa wajen fahimtar waƙar.

Na farko amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda a iska mai matsakaicin zafi. Kunnen mutum yana buƙatar tazarar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya raba sauti da dawowarsa. Wato tafiya da dawowa mita 34, dutsen ko bangon ya kasance aƙalla mita 17 daga mai magana. In ya fi haka kusa, sai dai a ji amo ya cika wuri, ba a jin maimaici. To me ya sa ƙarshen magana kaɗai ake ji? Dutsen yana dawo da jimlar duka, amma farkonta yana dawowa ne lokacin da bakinka bai rufe ba, muryarka ta danne shi. Abin da ya iso bayan ka yi shiru shi ne kawai ke fita. Gaɓa ɗaya ta magana tana ɗaukar wajen kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, don haka in kana son kalma mai gaɓa biyu ta dawo a sarari, kana buƙatar dutse a nisan mita 70 ko kusa da haka. Hukuncin da Hera ta yi wa Eko siffar wannan ce daidai.

Na biyu ruwan. In ka kalli ruwa kai tsaye daga sama, kashi 2 cikin 100 kawai na haske yake dawowa daga fuskarsa. Idan ƙasan ruwan fari ne kuma rana na dukan sa, hasken da ke fitowa daga ƙasa zai rinjayi wannan ɗan kaɗan, sai ka ga yashi da tsakuwa. Kafin fuska ta fito sosai sai ruwan ya zama a inuwa, mai duhun ciki, kuma a kwance lumui. Obid ya jera sharuɗɗan: makiyaya ba su taɓa shi ba, awaki ba su sha ba, tsuntsu ko naman daji bai dama shi ba, ko reshe bai faɗa ciki ba, itatuwa kuma sun tare rana. Daga baya da hawayen yaron suka ɗiga, surar ta watse, ya yi ihu yana cewa ina za ka. Duk mai zuwa ɗiban ruwa a rijiya ya san haka take yi da zarar guga ya taɓa.

Zulaihatu Mai Fassara:
Yaya Aminu, bayaninka ya zo mini daidai da wata matsala da duk mai son mayar da wurin nan Hausa zai ci karo da ita. Farkon hirar yana tafiya lafiya lau. "Akwai wani a nan?" Eko ta ce, "A nan." "Zo!" Ta ce, "Zo!" "To a nan mu haɗu." Ta ce, "Mu haɗu." A Latinancin kalmar coeamus tana da harshen damo, shi yana nufin mu gamu, ita ta ɗauka da ma'anar kusantar miji da mata, kuma "mu haɗu" tana iya ɗaukar duka biyun.

Inda ake faɗuwa shi ne jimlar ƙarshe. In ka ce, "Gara in mutu da in ba ki kaina," amsar za ta zama "in ba ki kaina", alhali namiji take wa magana. Latinanci ba ya raba ka da ki, Hausa tana rabawa. In ka canza zuwa "in ba ka", ka karya dokar amsa-kuwwa, domin ba ta da ikon sauya ko harafi. Mafitar ita ce a kauce wa lamirin gaba ɗaya: "Gara mutuwa da in miƙa kaina." Sai ta ce, "In miƙa kaina." Da haka ake riƙe abin da ya fi ciwo a wurin, wato ta ɗauki kalmomin da aka kore ta da su ta mayar da su tayi.

Dakta Sa'adatu:
Ina so in ja hankali kan yadda sunan nan ya shiga likitanci, don yanzu a Facebook da TikTok duk wanda suka ɓata da saurayi ko budurwa sai ya laƙaba masa cutar Narkisos. Havelock Ellis ne ya kwatanta wani hali da Narkisos a 1898, Paul Näcke ya ƙirƙiro kalmar a Jamusanci a 1899, Freud ya rubuta maƙalarsa a kai a 1914. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka ta a kundinta a matsayin larurar ɗabi'a. A bugun kundin na daga baya alamomi 9 ne, sai mutum ya cika 5 aƙalla, kuma ya zama hali ne da ya zauna tun farkon girma, yana bayyana a gida da wajen aiki da cikin abokai. Daga ciki akwai ganin kai ya fi kowa, ƙishirwar yabo, jin cewa dole a fifita shi, amfani da mutane don biyan buƙata, hassada, da rashin iya jin abin da wani ke ji.

Ku gwada da yaron Obid. Rashin tausayi akwai, girman kai akwai. Amma ƙishirwar yabo babu, gudun masu yabon nasa ma yake yi. Mai wannan larura ba ya iya zaman kaɗaici a bakin ruwa, jama'a ce madubinsa, yana buƙatar 'yan amshi. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauki alama ɗaya, kamar yawan ɗaukar hoto ko jan aji, su yanke hukunci. Kuskure na biyu ya fi muni: wanda aka ce wa a'a ya yi amfani da sunan cutar don kada ya yarda cewa ba a son sa ne kawai.

Malama Rakiya:
Dakta kin taɓo inda nake son zuwa. Kullum ana tuhumar wanda aka so, ba a duba abin da mai son ya yi da ƙin da aka yi masa. Eko ba ta taɓa magana da Narkisos ba kafin ta kamu, surarsa ta gani daga nesa. Ashe ita ma hoto take so, kamar yadda shi zai so hoto. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, to nata ya fi haka, son wanda bai ma san tana raye ba ne.

A littafi na 4 akwai Kilitiya, wadda abin bautarsu na rana ya bari ya koma wa Liyukotowe. Kishi ya sa ta kai tsegumi wajen uban yarinyar, sarki Orkamos, ya binne 'yarsa da rai. Wannan bai dawo mata da masoyin ba, ya ma yanke hulɗa da ita gaba ɗaya. Ta zauna a ƙasa kwana 9 ba ci ba sha sai raɓa da hawaye, tana juya fuska tana bin rana, har ta yi saiwa ta zama fure. Sannan Afolo da Dafni a littafi na 1: Afolo, ɗaya daga abubuwan bautarsu, shi ne ya yi homa bayan ya kashe macijin Faiton, ya raina bakan Eros, abin bautarsu na soyayya. Eros ya zaro kibiya biyu, mai tsinin zinariya ya harbe shi da ita, dasasshiya mai dalma ya harbi Dafni. Shi ya yi girman kan, ita ta rasa jikinta ta zama bishiya, wadda ganyenta ne mai ƙamshin nan da ake jefawa a dafa-dukar shinkafa. Ko bayan ta zama itace ya sumbaci ɓawon, Obid ya ce itacen ya ja baya. Wannan wa za a ce ya koyi darasi?

Malam Habibu:
Labarin Dafni kam ba zan iya kare shi ba, kuma ban ga alamar Obid yana kare shi ba. Amma matsayina a kan Narkisos yana nan: Dafni ta gudu ne kawai, ba ta aika wa kowa takobi ba, ba ta yi wasa da kowa ba.

Malam Ilyasu:
Akwai mutum ɗaya a adabin nan da aka ƙi kuma ya tsira, bai kamata mu tashi ba mu ambace shi ba. Tiyokiritos, mawaƙin Sirakusa a ƙarni na 3 kafin miladiyya, a waƙarsa ta 11 ya rubuta wa abokinsa likita Nikiyas cewa so ba shi da magani na shafawa ko na barbaɗawa, sai waƙa. Misalinsa Folifemos, ƙaton nan mai ido ɗaya, da ke son Galatiya 'yar teku. Yana zaune a kan dutse yana kallon ruwa, tumakinsa na komawa garke su kaɗai. Ya fara da amsa gaskiya: na san dalilin da kike guduna, gira ɗaya ce gare ni daga kunne zuwa kunne, ido ɗaya a ƙasanta, ga faffaɗan hanci. Sai ya lissafa abin da yake da shi, dabbobi 1,000, cuku rani da damina, 'ya'yan barewa 11 da yake reno dominta. A ƙarshe ya kira sunan kansa sau biyu ya ce ina hankalinka ya tafi, tashi ka saƙa kwandunan cuku, ka yanko wa 'yan raguna ganye, ka tatsi wadda ke gabanka, me ya sa kake bin mai gudu. Matakan a fili suke: ya faɗi dalilin ƙin ba tare da zagin ta ba, ya fitar da abin da ke ransa da baki, ya koma sana'arsa.

A waƙa ta 6 kuma shi ma ya leƙa teku a ranar da ta lafa, ya ga gemunsa da idonsa guda sun yi masa kyau, haƙoransa sun fi farin dutsen Faros. Nan take ya tofa yawu sau 3 a ƙirjinsa, yadda wata tsohuwa ta koya masa, don kada kambun ido ya kama shi. Wato a camfinsu mutum na iya yi wa kansa kambu da idonsa. Obid da ya ɗauki wannan ƙaton a littafi na 13 sai ya juya shi: ya taje gashi da manjagara, ya aske gemu da lauje, ya gamsu cewa shi kyakkyawa ne, da ya ga Galatiya tare da Akis ya ɓalle gefen dutse ya danne saurayin. Mutum ɗaya ne a hannun mawaƙa biyu. Wanda ya yarda cewa ana iya ƙin sa ya koma tatsar tumaki, wanda ya ga bai cancanci a ƙi shi ba ya yi kisa.

Zulaihatu Mai Fassara:
Malam Nasiru, tambaya ɗaya kafin dare ya yi: furen wanne ne takamaimai? Larabawa na cewa narjis, har sun ciro narjisiyya daga ciki, amma hotunan da ake sakawa ba sa kama da juna.

Nasiru Ɗan Tarihi:
Ƙanwata, iri biyu ne ake haɗawa. Obid ya ce da 'yan uwansa mata suka yanke gashinsu, aka haɗa itacen ƙona gawa da makara, sai aka nemi gawar aka rasa, aka tarar da fure mai rawaya a tsakiya, fararen ganye kewaye da shi. Wannan ya fi dacewa da wanda masana tsirrai ke kira Narcissus poeticus, fure ɗaya a kan kowane kara, kansa a ɗan sunkuye. Amma tsohuwar waƙar Girkanci ta yabon Dimita, abar bautarsu ta noma, waƙar da ta girmi Obid da ƙarnuka, ta ce narkisos ne aka tsiro a matsayin tarko ga Farsefoni 'yar Dimita, kawuna 100 daga saiwa ɗaya, tana miƙa hannu ƙasa ta tsage. Wannan ya fi kama da Narcissus tazetta, mai furanni da yawa a kara guda, kuma shi ne narjis ɗin da aka fi sani a ƙasashen Larabawa da Farisa. Fausaniyas ma da irin wannan hujjar ya ce furen ya girmi yaron.

Filini, marubucin Rum da ya mutu a aman wutar dutsen Besubiyus a shekara ta 79, ya ce sunan daga kalmar Girkanci narke yake, wato sanƙarewar jiki, ba daga yaron tatsuniya ba. Duka iri biyun suna da kai a ƙasa mai kama da albasa, kuma yana da guba. A Turai akan samu waɗanda suka yanka shi cikin girki bisa kuskure su kama amai da gudawa. Ana gane shi da cewa in an yanka ba ya warin albasa, ba ya sa hawaye.